Ɗorawar da Ta Gasa Gidan Bulo

Tun da suka zo suka kewaye gidan bulon nan da waya, suka kafa allo a ƙofa wai ya zama kayan tarihi, ban sake samun sakewa a ƙofar gidana ba. Kullum sai mota ta tsaya. Yau 'yan makaranta ne daga Rogo, gobe wasu masu tabarau daga birni, su fito suna ɗaga kai suna sakin baki kamar ba su taɓa ganin bango ba, kowa da waya a hannu yana ɗaukar hoto. Sai ka ji ana cewa, "Kai, mutanen da sun iya gini!" Ni kuwa ina zaune a tabarmata ina tsinke zogale, in ja tsaki in juya musu baya. Wai an kafa doka, duk wanda ya ɓanɓari ko ɓarɓashin bulo ɗaya sai an hukunta shi. To madalla. Ni dai na tsani gidan nan, tsana ta har zuci, kuma ba yau na fara ba. Akwai haƙƙi a cikin bangonsa, ni kaɗai na rage a duniya da na san yadda ya shiga.

Ba zan yi wa gidan ƙarya ba don ina ƙinsa, gini dai ya ginu. Na shige shi ba adadi da ƙuruciya, in an aike ni kai gyaɗar maƙwabta awo, saboda haka na san shi ciki da bai. Da marmara aka ɗaga gindinsa har gwiwar babban mutum don kada ruwan damina ya ci masa ƙafa, sannan aka ɗora jan bulo gasasshe, layi ɗaya a miƙe, na samansa a gicciye, haka har sama, ta yadda tsaga ba za ta sami hanyar bi ba. Kaurin bangon kuwa, yaro zai kwanta a bakin taga ya yi barcinsa bai faɗo ba. Zauren yana kallon gabas, ƙofarsa baka ce lanƙwasasshiya, babu katako babu ƙarfe, bulo ne ke riƙe da bulo. In ka shiga ka ɗaga kai, azara ce aka jera kamar saƙar faifai. Daga zauren sai doguwar baranda mai bakuna a jere, inda ake kwashe shanyar gyaɗa a ɓoye in hadari ya taso. Bayanta sito ne, an ɗaga daɓensa an bar 'yan ƙofofin iska a ƙarƙashi saboda gara da laima, tagoginsa ƙanana can kusa da rufi inda hannun ɓarawo ba ya kaiwa. Ga zankwaye a kusurwoyi, ga dogayen indararo na gasasshiyar ƙasa masu watsa ruwa nesa da bango. Da tsakar bazara, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, in ka shiga zauren nan sai ka ji sanyi kamar ka leƙa randa. Abin da baƙi suka fi so kuwa shi ne baƙaƙen bulon da suka zagaye bakan ƙofar, ana nuna su ana cewa ado ne magini ya yi da gangan. Ado! Allah ya kyauta. Ni na san wutar da ta baƙanta su.

Mai gidan ba zan kira sunansa ba, bakina ya fi ƙarfin haka. Mai Sikeli muke ce masa, don shi ke auna gyaɗar duk ƙauyukan nan har zuwa Tudun Kaya, ya ɗora wa jakuna, daga baya ya koma ɗora wa mota, a kai birni. A yawonsa na birni ya ga gine-ginen tashar jirgin ƙasa, ya dawo yana cewa shi ma sai ya yi irinsu a gona, ya haɗa wurin zama da wurin awo da sito. Mu kuwa a lokacin da tubali muke gini. Maza su haƙo ƙasa su kwaɓa da ciyawa, su tattaka, su mulmula, su jera a rana, rana ta busar musu kyauta. In bango ya zaizaye, kafin damina a taru a yaɓe shi, a ci tuwo a watse. Ba a taɓa cin gidan wani don a gina na wani ba. Da asuba abin da ke tashinka shi ne kiran salla da muryar ladan tsirara, sai sautin taɓarya daga gida zuwa gida, wannan ta buga waccan ta amsa, sai matan Fulani su shigo da ƙorai a ka suna tallan nono da man shanu. Yanzu fa? Babura ne ke tashina, 'yan acaɓa suna ta hayaniya a bakin titi, da injin niƙa mai sa haƙora kaɗawa. Gidajen ma duk sun koma bulon siminti da kwano, da rana tanda, da sanyi ƙanƙara, kuma wai shi ne ci gaba.

Babana ya rasu ina goye, saboda haka a gidan kakana na wajen uwa na tashi, ni da Inna da ƙanenta, Kawu. Da kakan nawa ya rasu, tun ba a yaye ni ba, aka yi rabo, Kawu ya sami gonar da ke bayan gari, Inna ta sami ɗorawar da ke tsakiyar gonar. 'Yan zamani in na faɗi haka sai su yi ta dariya, wai ta yaya gona za ta zama ta wani, itacen ciki na wani? Yo a wurinmu ai wannan ba abin tambaya ba ne. Ƙasa daban, itace daban. Kana iya noma gona tun tashinka har furfura, amma in ɗorawar ciki ko kaɗanya ko tsamiya ta wata ce, ko ɗa ɗaya ba za ka tsinka ba sai ka aika an tambayo. Yaro ma da ke kiwon awaki ya san wace bishiya ce ta wa. Ita kuwa ɗorawar Inna ba ƙaramar bishiya ba ce, manya biyu ba sa haɗa hannu a gindinta, inuwarta kuma masu huɗa ke hutawa a ciki su ci abinci. Da ita Inna ta ciyar da ni, da ita ta tufatar da ni, ba ta taɓa miƙa wa Kawu hannu ba.

In rani ya yi nisa sai ta yi fure, jajayen tutu masu lilo, mu yara mu yi ta tsotsar zumar da ke ɗiga, ƙudan zuma na gunji a sama kamar ana karatu a nesa. Daga nan 'ya'ya su fito tsanwa shar, su yi ta tsawo, sai dab da faɗuwar damina su nuna su yi ja. Ranar ɗiba Inna za ta ɗaura ƙugiya a bakin doguwar gora, ta ce da ni, "Ki yi bisimilla kafin ki ja, kuma kada ki karya mata reshe, baɗi ma za mu ci." Ni ke hawa, don ban da tsoro, duk ƙauyen an san ni da hawan bishiya kamar namiji. Mu kwaso mu ɓare, garin rawaya mu sha mu sayar, bakinmu da hancinmu duk ya yi ɗorawa. Ɓawon shi ne makuba, Inna ta tara a buhu don daɓe da shafen bango. 'Ya'yan ciki, kalwa ke nan, ita ce uwar aikin. A dafa ta wuni guda, a surfa da toka, a kai rafi a wanke, a sake dafawa, a rufe da ganye a kwando sai ta yi wari, sannan a kirɓa a mulmula a shanya. Daddawar Inna har daga Rogo ake aiko saye, ran kasuwar Ƙaraye kuwa ba ta dawowa da saura. Yanzu yarinya sai ta ɓare ɗan dunƙulen kanti ta jefa a tukunya ta ce ta yi miya, in ta ji warin daddawa ta toshe hanci. Ashsha.

Masifar ta fara ne da Kawu ya sayar wa Mai Sikeli gonar. Zai yi aure, ga shi kuma ya fi son bin kasuwa da riƙe fartanya, Inna ba ta hana shi ba, gonarsa ce. Aka taru a gaban mai unguwa da shaidu, aka zaga iyaka, aka yi fatiha, aka raba goro. Kawu bai buɗe baki ya ce ban da ɗorawa ba. Ba mugunta ya yi ba, in don wannan na shaide shi, wauta ce irin tamu. Abin da kowa ya sani, wa zai tsaya faɗarsa a gaban manya? Shaidun ma duk sun sani, sun ci daddawar bishiyar nan a miyarsu, babu wanda ya ga dalilin ambata. Har shi Mai Sikeli ya sani, don matansa a wurin Inna suke saye.

Da kaka ta wuce sai ga magini ya sauka, wani dogo marar magana, da akwatunan katako na buga bulo. Aka haƙa ƙaton rami a gefen fadama, inda kududdufin nan yake yanzu, aka yi ta kwaɓa ana bugawa, filin gonar duk ya cika da ɗanyen bulo a jere. Mu yara muna ta kallo muna murna, ba mu san abin da ke tafe ba. Sai muka ga ana tara bulon ana yin tsauni da shi, an bar ramuka a ƙasa, an yaɓe jikinsa da laka. Aka ce gasawa za a yi. Nan muka gane bambancin bulonsa da tubalinmu, shi rana ba ta isar masa, sai wuta, wuta kuma sai itace. Jakuna suka yi ta jigila daga daji, aka sare marke, aka sare kirya, aka kwashe duk busasshen da mata ke samu na girki. Tsauni na fari ya gasu, na biyu ya gasu. Ana shirin na ƙarshe itace ya ƙare, ga bazara ta kankama, gabas ta fara haɗa gira da yamma. Magini ya ce in ruwan fari ya sauka a kan ɗanyen bulon nan, duk zai koma laka. Mai Sikeli ya waiga ya ga ɗorawa a tsakiyar gonarsa, 'ya'yanta tsanwa, saura kaɗan su nuna.

Ba ta bakin kowa muka ji ba, Inna ce da kanta ta je duba 'ya'yan da safe ta tarar da masu gatari suna zaga gindin. Ba ta yi ihu ba. Ta kwance mayafinta ta shimfiɗa, ta zauna ta jingina da bishiyar, ta ce da ni in koma gida in ɗauko mata ruwa da abin kaɗi. Masu saran nan 'yan ƙauyenmu ne, sun san ta, babu wanda zai ɗaga gatari a kan mace zaune. Suka ajiye suka koma gefe suna susar ƙeya. Da rana ta take sai ga Mai Sikeli da mai unguwa, Kawu na biye da su kansa a ƙasa.

Mai unguwa ya yi sallama, aka gaisa har da tambayar gajiya da zafi, kamar ba abin da ya kawo su. Sannan ya ce, "Baiwar Allah, me ya zaunar da ke a gonar mutane?"

Inna ta ce, "Ranka ya daɗe, ba a gonar kowa nake ba, a gindin bishiyata nake. Kai ka raba mana gadon nan da bakinka."

Mai Sikeli ya gyara babbar rigarsa ya ce, "Ni gona na saya da abin da ke cikinta. A tambayi shaidu, akwai wanda ya ji an ce ban da wani abu?"

Mai unguwa ya dubi Kawu ya ce, "Ka faɗa a ranar?"

Kawu ya ce, "Ban faɗa ba, ranka ya daɗe, amma ai kowa ya sani."

Mai Sikeli ya ce, "Abin da aka faɗa shi ne ciniki. Abin da kowa ya sani ban saya ba, ban sayar ba."

Mai unguwa ya yi ta muzurai yana jan gemu, ga gaskiya yana gani, ga kuma mutumin da ke auna masa gyaɗa. Inna ta ga inda aka dosa, sai ta sassauta murya ta ce, "Malam, to ka bar ni in ɗebi na bana. Dubi 'ya'yan, sun kusa. Ka yi mini haƙuri su nuna." Ya ɗaga kai, ba 'ya'yan ya duba ba, gabas ya duba. Ya ce hadari ba ya jiran ɗorawa, in tana so a ba ta wani abu ta rage asara. Inna ta ce ita ba ta kawo bishiya kasuwa ba. Mai unguwa ya ce a je a yi shawara, kowa ya watse, wannan shi ne iyakar shari'ar da aka yi mana.

Kwanaki Inna tana zuwa tun sassafe ta zauna sai magariba, tana kaɗi, ni ina kai mata abinci. Sai Allah ya yi wa wata gwaggonta rasuwa a Tudun Kaya, wadda ta riƙe ta tana ƙarama, babu yadda za a yi ta ƙi zuwa. Ta kama kafaɗata ta ce, "Ki hau ki zauna a sama, ba za su sara kina kai ba. Kafin la'asar na dawo." Na hau na sami reshe mai faɗi na zauna. Ko ƙurar tafiyarta ba ta kwanta ba sai ga su, ashe jira suke. Suka yi lallashi na ƙi, suka yi barazana na tofo musu yawu. Mai Sikeli ya aika aka kira Kawu, ya ce masa in bai sauko da 'yar gidansu ba a warware cinikin gona, ga aure saura kwana kaɗan. Kawu ya tuɓe riga ya hawo yana cewa, "Haba 'yar Yaya, ki rufa mini asiri, sauko mu tafi gida." Na ce ba inda za ni. Ya cafko ni ta ƙugu, ni kuma na kafa masa haƙora a dantse sai da na ji gishirin jini. Bai sake ni ba. Har ya koma ga Allah tabon haƙorana na hannunsa, kuma ban taɓa ba shi haƙuri ba, don ban ga abin ba da haƙuri ba.

Yana riƙe da ni a gefen gona suka fara. Ku da kuka saba da injin yanka da ke kayar da bishiya kafin a sha ruwa, ba ku san yadda gatari ke kashe babbar bishiya ba. A hankali yake yi, kaf, kaf, kaf, wannan ya gaji wancan ya karɓa, tsuntsaye na tashi suna dawowa suna tashi. Da ta zo faɗuwa sai ta yi wata ƙara mai tsawo, ta karkata, ta zube, ƙasa ta girgiza har cikin cikina. Ɗanyun 'ya'yan suka warwatsu ko'ina, awaki suka rugo suna ci. Inna ta dawo kafin la'asar kamar yadda ta ce. Daga nesa ta hango sarari a inda ba ta saba ganin sarari ba, ta tsaya cak a kan hanya. Ba ta ƙarasa gonar ba, ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ta kama hannuna muka wuce gida. Abin da kawai ta ce shi ne, "Allah ya isa."

Suka faskara itacen suka ɗan shanya a zafin bazara, amma ina, ɗanye ne, ba zai bushe a 'yan kwanaki ba. Haka suka cusa shi a ramukan tsaunin. Hayaƙi ya turnuƙe ƙauyen, baƙi ƙirin, mai yaji, tsofaffi na tari, shanun Fulani na kauce wa hanyar. Da aka buɗe, bulon da ke kusa da bakin wuta duk sun fito baƙaƙe. Magini ya ƙi zubar da su, ya tsince su ya jera a bakan ƙofar zaure. Su ne adon da ake zuwa daga birni a gani.

Rashin kunyar ba ta ƙare a nan ba. Da gini ya kai rufi, magini ya ce sai an sami makuba mai yawa don shafe soro da daɓen sito, in ba haka ba ruwa zai shiga. Aka bi gida gida ana nema, har wani baran Mai Sikeli ya yi sallama a ƙofarmu, wai an ce Inna na da buhunan bara. Inna ta leƙo ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ka koma ka ce masa ya je ya tambayi bishiyar." A ranar ta jiƙa makubar nan gaba ɗaya, ta kira maƙwabta, aka zuba tsakuwa a ɗakinmu da tsakar gida har bakin madafa, mata suka durƙusa da madaɓai suna bugawa suna waƙa, sautin na kaiwa har wurin ginin. Daɓen da ba mu buƙata muka yi, ya yi ja yana sheƙi, ko ɓawo ɗaya ba ta rage ba. Wannan ne kaɗai daɗin da na ji a shekarar.

Bayan haka Inna ta koma sayen kalwa a hannun wasu, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Daga baya ta koma yi wa mata surfe da wankin kalwa a rafi, a sallame ta da ɗan abin miya. Matar da ake aiko mata daga Rogo, ita ce ta koma tsayawa a ƙofar wasu tana jiran a ce shigo. Hannayenta suka tsattsage da toka, bayanta ya ranƙwafa tun ba ta tsufa ba. Gidan bulo kuwa ya yi ta haɓaka, sito na cika yana batsewa. In za mu rafi sai mu yi zagaye ta bayan maƙabarta don kada mu bi ta ƙofarsa.

Shekaru suka tafi, aka yi mini aure, na dawo gida wankan haihuwar fari. Wata ranar hantsi ina zaune a tsakar gida da jariri a cinya, sai aka yi sallama aka ce Mai Sikeli ne. Ya tsufa, ya yi furfura, zai tafi aikin Hajji, yana bin gidaje neman yafiya kamar yadda ake yi. Aka shimfiɗa masa tabarma a bakin ƙofa, Inna na daga ciki. Bayan gaisuwa ya ce, "Baiwar Allah, tafiya ce ta same ni, ban sani ba ko zan dawo. In akwai abin da na yi miki, na sani da ban sani ba, ki yafe mini."

Inna ta ce, "Ka sani, Malam. Kada ka ce ba ka sani ba."

Ya ce, "Na sani. Maganar ɗorawa."

Ta ce, "To tunda ka kira sunanta, na yafe maka wahalar da na sha, don ni ma ina neman Allah ya yafe mini. Amma bishiyar ba tawa ba ce ranar da ka sare ta. Tun ranar da na yaye yarinyar nan na ba ta ita a gaban tsohuwarmu, ci kawai nake yi kafin ta girma. Ga ta nan zaune, ka tambaye ta."

Ban taɓa jin wannan magana ba sai a ranar. Na ɗago kai na dube shi, ina jira. Ya waigo ya dube ni, kallo ɗaya, irin wanda ake yi wa akuya a bakin hanya. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Ai in uwa ta yafe, 'ya ta yafe." Ya shafa fatiha shi kaɗai, ya ɗauki sandarsa ya fita. Kunya ta ɗaure mini baki, mace mai jego ba ta ɗaga murya a gaban dattijo. Ya je ya dawo, ya zauna a zaurensa mai sanyi shekaru ana ce masa Alhaji, muna haɗuwa a hanya, bai taɓa tsayawa ya ce mini ko ƙala ba har aka ɗauke shi a makara.

Kwanan baya wani jikansa ya zo, shi ne ashe ya yi ta kai da kawo har aka sa gidan a cikin kayan tarihi. Yaro mai ladabi, ba zan ɓoye ba, ya cire takalmi tun daga nesa ya durƙusa. Ya ce an gaya masa ni kaɗai na rage da na ga ana ginin, yana so in ba shi labari ya ɗauka a waya, baƙi su riƙa ji. Na ce, "Ɗan nan, ka tabbata kana so?" Ya ce yana so. Na ba shi tun daga gona har makara, ban rage ba ban ƙara ba. Tun ina tsakiya ya kashe wayar ya sa a aljihu. Da na gama, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Iya, wallahi ba mu taɓa jin wannan a gida ba. Zan dasa miki ɗorawa, ko nawa kike so." Na ce ya dasa wa masu haƙoran ci, ni ba zan ga furenta ba.

Ya matso ya ce, "To Iya, don girman Allah, ki yafe masa. Ni na roƙa a madadinsa."

Na ce, "Kai me ka sare mini? Tashi ka kaɗe gwiwarka, ba ka da laifi a wurina. Shi ne ya ga ina zaune, aka ce ya tambaye ni, ya ga ban kai ba."

Ya ce, "Iya, ai ya riga ya tafi, ba shi da bakin tambaya."

Na ce, "Kada ka damu, ɗan nan. Dube ni da kyau, ni ma na kusa zuwa inda yake. In yana so, ya tambaye ni da bakinsa."